HAƘURI KO SHIRU? HAKKIN ZUCIYAR YARO A KAN MAKARANTA DA IKILISIYA



Akwai kalma guda wadda muke faɗa wa yaro fiye da kowace kalma sa'ad da wahala ta same shi, wato haƙuri. In ya faɗi ya ƙuje gwiwa, mukan ce ya yi haƙuri. In aka buge shi bisa laifin wani, haƙuri. In mahaifinsa ya tafi gona bai komo ba, har wa yau dai haƙuri. Kalma ce mai daraja, kakanninmu kuwa ba su yi kuskure ba da suka ce ita ce maganin zaman duniya. Amma ya kamata mu tsaya mu auna abin da muke nema daga wurin yaro sa'ad da muka faɗa masa ita. Muna so ya jimre da abin da ya same shi ne, ko kuwa muna so ya yi shiru domin manya su huta? In kuwa akwai bambanci tsakanin biyun nan, wa ke da alhakin koya masa?

ABIN DA YA KAWO WANNAN TAMBAYA

Ƙasarmu ce ta ɗora mana wannan tambaya. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashi ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan mata daga cikinsu kuwa ba su sāke ganin gida ba sai a 2023. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da mutum 60, aka bar gwauraye da marayu a baya. Ranar 17 ga Nuwamba 2025, kafin gari ya waye, aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25. Kwana huɗu bayan haka aka shiga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, makarantar Dayosis ɗinmu na Kontagora, aka kwashi yara fiye da 250 da ma'aikata 12. Da yawa daga cikin yaran 'yan firamare ne.

Allah ya ji kukanmu. Aka sako 'yan matan Maga bayan kwana takwas. Yara 50 na Papiri suka kuɓuce da ƙafarsu, aka sako mutum 100 a farkon Disamba, sauran kuma aka sako su kafin Kirsimeti. Muka yi godiya, godiyar kuwa tana kan hanya.

Sai dai ranar da yaro ya fito daga daji ba lalle ita ce ranar da dajin ya fita daga cikinsa ba. Har ila yau, ba waɗanda aka sace kaɗai abin ya shafa ba. Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu masarautu biyar ne na ƙasa ɗaya, ƙasar Zuru, aure da kasuwa da zumunta sun ɗinke su. Abin da ya faru a Maga ya kwana a kunnen kowane yaro a Dabai. A azuzuwanmu akwai marayun waɗanda aka kashe, akwai 'ya'yan waɗanda suka bar ƙauyukansu da gonakinsu suka fake wurin dangi, akwai kuma yaron da ba abin da ya taɓa shi, amma tun da aka rufe makarantu na wani lokaci a ƙarshen 2025 ya gane cewa ɗakin karatu ma wuri ne da za a iya ɗauke mutum. Dukansu suna zaune a benci ɗaya, ana koya musu lissafi.

YADDA TSORO YAKE ZAMA A JIKIN YARO

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu ilimin lafiya sun tabbatar da wannan karin magana. Allah ya halicci jikin mutum da wata ƙararrawa ta faɗakarwa: in haɗari ya taso, zuciya takan buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan baiwa ce, ita ce ta ceci yaran da suka tsere. Amma bayan babban firgici, ƙararrawar takan ƙi yin shiru ko da haɗarin ya wuce. Sai ƙarar babur, wadda dā ba a kula da ita, ta sa yaro ya zabura ya nemi ƙarƙashin tebur.

Yaro ba safai yake cewa yana jin tsoro ba, gama sau da yawa bai san sunan abin da ke damunsa ba. Jikinsa ne yake magana a madadinsa. Wani yakan koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Wani yakan yi ta kukan ciwon ciki ko ciwon kai, a kai shi asibiti ba a ga kome ba. Wata takan farka da ihu cikin dare, da rana kuwa ta yi ta gyangyaɗi a aji. Yaron da dā yake kan gaba sai ya kasa riƙe abin da aka koya jiya. Mai fara'a ya zama mai faɗa, mai surutu ya zama kamar kurma. Labarin zuciya, in ji masu magana, a tambayi fuska.

A nan ne maganar ta zama ta adalci. Malamin da bai san waɗannan alamu ba zai kira gyangyaɗi lalaci, ya kira mantuwa daƙiƙanci, ya kira fushi rashin kunya, sa'an nan ya ɗauki bulala. Ta haka sai a hukunta yaro saboda raunin da wani ya yi masa. Ba wanda zai doki yaro don yana ɗingishi bayan ya karye. Raunin zuciya kuwa rauni ne, ko da yake ba ya zubar da jini.

HAƘURI DA JARUNTAKA A GADONMU

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce, maganarsu kuwa tana da nauyi. Za su ce ƙasar Zuru ƙasar jarumai ce. An san Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da kokawa da noma da aikin soja, gidaje da yawa a nan suna da soja ko tsohon soja. Saurayi yakan yi golmo shekara bakwai a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, bai yi ƙorafi ba. Za su ce in muka koya wa yara zancen tsoro da baƙin ciki, za mu tashi da tsara mai laushi, a lokacin da ƙasa ta fi bukatar masu taurin zuciya.

Bari mu dubi golmon da kyau. Saurayi ba ya yin golmo shi kaɗai. Cikin ƙungiyar tsararsa yake yi, kafaɗa da kafaɗa, in ya gaji akwai mai ƙarfafa shi, in ya kammala kuwa jama'a sukan shaida a lokacin bikin Uhola. Wahalarsa tana da suna, tana da iyaka, tana da abokan tarayya, tana kuma da lada a ƙarshe. Ashe kakanninmu sun koyar da jimiri cikin jama'a ne. Yaron da yake kwana da firgici, yana ɓoyewa don kada a yi masa dariya, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa huɗu. Abin da yake ɗauke da shi kaɗaici ne, ba daidai ba ne mu kira shi jimiri.

Koyarwar Ikilisiya ta yi daidai da wannan. Katekizim na Ikilisiyar Katolika ya koyar cewa motsin zuciya, kamar tsoro da fushi da baƙin ciki da murna, a kan kansu ba zunubi ba ne, ba kuma nagarta ba ne. Abin da mutum ya yi da su shi ne ake aunawa. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana haƙuri a matsayin halin kirki da ke tsare hankalin mutum kada baƙin ciki ya rinjaye shi. Wato sai akwai baƙin ciki, an kuma san da shi, kafin a yi maganar haƙuri. Game da jaruntaka kuwa, ya koyar cewa rashin jin tsoro sam aibi ne, domin jarumi shi ne wanda ya san haɗari, ya ji tsoronsa, duk da haka ya tsaya kan abin da yake daidai. Kowane tsohon soja a Zuru da ya ga yaƙi da idonsa zai iya ba da shaidar wannan. Waliyin nan har ya lissafta abubuwan da ke rage baƙin ciki: yin abin da ke faranta rai, zubar da hawaye, tausayin abokai, tunani a kan gaskiya, da barci da wanka. Babban malamin tauhidi ne ya sa kuka da barci cikin jerin magunguna.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Annabi Iliya jarumi ne wanda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al a Dutsen Karmel. Amma da Yezebel ta yi barazanar kashe shi, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Mu lura da abin da Allah ya yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan a Horeb ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurare shi ya zayyana kukansa, daga bisani ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, wato Elisha (1 Sarakuna 19). Hutu, abinci, sauraro, aiki, aboki: jerin nan ya isa zama tsarin kowace makaranta da ta karɓi yaro mai firgici.

Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce kome ba. Sun ɓata ne da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa. Ubangijinmu Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru a gaban jama'a, a Getsamani kuwa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna irin nauyin baƙin cikin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In Ɗan Allah bai ji kunyar faɗar damuwarsa ga abokansa ba, da wane dalili za mu koya wa ɗan shekara tara cewa faɗar tasa rashin ƙarfi ne? Sa'ad da kuma ya ta da 'yar Yayirus, abin da ya umarta shi ne a ba ta abinci, kada kuma a baza labarin (Markus 5). Ya kula da cikinta, ya kuma kare ta daga idon taro.

A cikin tsarkaka akwai wadda ta san wannan hanya. An sace Waliyiya Yosefina Bakhita a Darfur ta ƙasar Sudan tana ƙaramar yarinya, aka sayar da ita baiwa sau da dama. Firgicin ya yi tsanani har ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita, wato mai sa'a, suna ne da masu satarta suka laƙaba mata. Daga baya ta sami 'yanci a Italiya, aka yi mata baftisma a 1890, ta zama Sista, ta gafarta wa waɗanda suka cuce ta. Duk da haka, a ciwon ajalinta a 1947, kwanakin bauta suka komo mata, har tana roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙi. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin jerin waliyyai a shekara ta 2000. Rayuwarta tana koya mana cewa mutum zai iya yin gafara ta gaskiya, ya kai ga tsarki, tabon kuwa yana nan. Saboda haka kada kowa ya ce wa yaro mugun mafarkinsa alamar ƙarancin bangaskiya ne.

AIKIN MAKARANTA

Me ya sa muka ɗora wannan a kan makaranta, ba mu bar shi ga gida kaɗai ba? Domin yaro yana yin yawancin yininsa a can, domin kuma iyaye da yawa su ma suna ɗauke da nasu raunin. Majalisar Batikan ta Biyu, cikin sanarwarta a kan ilimin Kirista ta ranar 28 ga Oktoba 1965, ta ce manufar ilimi ita ce gina mutum ɗungum, a raya baiwarsa ta jiki da ta hali da ta tunani tare, ana amfani da ci gaban da aka samu a ilimin sanin halayyar ɗan Adam. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta tanadi malaman ba da shawara a makarantu, ko da yake a wurare da yawa wannan tanadi bai wuce takarda ba.

Masana ilimi a Amurka, tun daga wajen 1994, sun tsara abin da za mu iya kira tarbiyyar zuciya da zamantakewa, suka kasa ta kashi biyar: sanin kai, kamun kai, fahimtar halin da wani yake ciki, iya zama da mutane, da yanke shawara bisa hankali. A 2011 aka haɗa sakamakon irin waɗannan shirye-shirye guda 213, waɗanda suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, aka ga halayyar yaran ta gyaru, damuwarsu ta ragu, karatunsu ma ya ƙaru. Makarantun can sun bambanta da namu, ba kuwa dole mu kwafi littattafansu ba. Amma wanda ya dubi abubuwa biyar ɗin nan zai ga ba baƙi ba ne. Manzo Bulus ya lissafta kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu, tausayi da iya zama da mutane kuwa su ne abin da iyayenmu ke nufi in suka ce wane mutumin kirki ne. Sabon abin kawai shi ne a koyar da su da niyya, kamar yadda ake koyar da karatu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya cewa fushi nake ji, ya kuma san abin da zai yi kafin ya ɗaga hannu, ya riga ya fara mulkin kansa. Wanda bai san sunan abin da ke cinsa ba, abin ne yake mulkinsa, irin wannan yaro ne kuwa ƙwaya da ramuwar gayya suka fi saurin kamawa in ya girma.

Ikilisiya tana da nata gwanin a wannan fage. Waliyi Yohanna Bosko, wanda ya rasu a 1888, ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya, ya rene su bisa ginshiƙai uku: hankali, addini, da ƙauna mai taushi. Ya ƙi horo na duka, ya nace malami ya kasance tare da yara a filin wasa, domin a ganinsa bai isa a ƙaunaci yaro ba sai yaron ya san ana ƙaunarsa. Makarantunsa ba su rasa ladabi ba saboda haka.

Mun san wani malami zai ce ajinsa ya cika maƙil, albashinsa bai kai wata ba, ga manhaja tana jiransa, ina zai sami lokacin zama likitan zuciya? Kukansa gaskiya ne, ba kuwa muna neman ya zama likita ba. Muna neman ya san sunan kowane yaro, ya lura in hali ya sāke, ya yi tambaya kafin ya hukunta, ya kuma san inda zai kai maganar in ta fi ƙarfinsa. Waɗannan ba sa bukatar sabon gini. Malamai ma mutane ne, waɗansunsu suna koyarwa da kunne ɗaya a bakin ƙofa, su ma suna bukatar mai sauraronsu.

Dole kuma mu faɗa a sarari cewa ba wata shawara da za ta kwantar da hankalin yaro muddin haɗarin yana nan. Tsare makarantu hakki ne a wuyan hukuma, za mu kuwa ci gaba da tuna mata. Kula da zuciyar yaro ba ya sauke wa kowa wannan nauyi.

SA'AD DA ABIN YA ZAMA CIWO

Yawancin yara sukan farfaɗo cikin makonni in sun sami tsaro, da abinci, da wasa, da babba guda wanda suka amince da shi. Amma waɗansu ba sa farfaɗowa da haka kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka sukan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. In alamun da muka ambata suka wuce wata guda ba sauƙi, in yaro ya daina ci ko barci, in yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, in kuwa ya ambaci kashe kansa ko da sau ɗaya, to, lokacin neman ma'aikacin lafiya ya yi, ba tare da jinkiri ba.

A nan ne kunya takan hana mu. Akan ce iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi masa, akan ɓoye shi a ɗaki don kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, har 'yan'uwansa su rasa masu aure. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Littafin Sirak, sura ta 38, ya umarce mu mu girmama likita domin Ubangiji ne ya ba shi gwaninta, ya kuma ce mai ciwo ya yi addu'a, sa'an nan ya ba likita wuri. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tuna wa duniya cewa mai ciwon taɓin hankali yana ɗauke da siffar Allah kullum, kamar kowane ɗan Adam.

Dokar ƙasa ma ta sāke. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da hakkin mai irin wannan ciwo na a kula da shi cikin mutunci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da kuma Kaduna. Tafiyar da nisa, likitocin wannan fanni kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200, don haka matakin farko shi ne asibiti mafi kusa. Akwai kuma darasi daga ɗan ƙasarmu, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: maimakon kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowane tare da wani danginsa, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba wannan tsari, gama ya nuna cewa magani ya fi kama jiki in mutum yana cikin jama'a. Abin da golmo ya sani ke nan tun dā.

ABIN DA KE WUYANMU

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa a kan Ikilisiya a Afirka ta 1995, ya kira Ikilisiya iyalin Allah. A cikin iyali kuwa ɗa na kowa ne. Saboda haka muna roƙon kowane sashe ya ɗauki rabonsa.

Iyaye, in yaro ya kawo muku tsoronsa, ku saurare shi har ya gama kafin ku ce ya yi haƙuri. Ku faɗa masa gaskiya daidai shekarunsa, gama yaro yakan gane ƙarya, ƙaryar kuwa takan ƙara masa tsoro. Kada ku kunyata shi a kan fitsarin kwance. Ku kiyaye abin da kuke kallo a waya da abin da kuke hira a gabansa.

Malamai da shugabannin makarantu, ku maido da tsarin yau da kullum, da wasa da waƙa da zane, domin ta nan ƙananan yara suke fitar da abin da baki ya kasa faɗa. Ku keɓe malami namiji guda da mace guda waɗanda yara suka san za su iya zuwa wurinsu, waɗanda kuma ba za su kai maganar ɗakin malamai ta zama hira ba.

Katekis, da Zumuntar Mata, da ƙungiyoyin matasa, ku zama idon Ikilisiya a unguwanni. Ku ziyarci gwauraye da waɗanda suka yi gudun hijira. Amma mu kiyaye abu guda: kada a tsai da yaron da ya komo daga hannun masu garkuwa a gaban majami'a domin ya ba da shaidar abin da ya gani, kada kuma a matsa masa da tambayoyi. Masu ilimin wannan fanni sun gano cewa tilasta wa mutum ya maimaita labarin firgicinsa yakan iya ƙara masa rauni. Labarin nasa ne, shi zai zaɓi ranar faɗa da wanda zai faɗa wa. 'Yan mata musamman suna bukatar kariya daga tsegumi da zargi. Abin da aka yi wa mutum da ƙarfin bindiga ba ya rage masa daraja a gaban Allah, bai kamata ya rage masa a gabanmu ba.

Wannan aiki kuma bai tsaya a ƙofar majami'a ba. A ƙasar Zuru sau da yawa Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya suna cin tuwo a gida ɗaya. Masu bindiga ba su tambayi addinin yara ba a Maga ko a Papiri, mu ma kada mu tambaya kafin mu yi jinƙai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za mu ci gaba da koya wa 'ya'yanmu haƙuri, gama ba za su rayu a wannan zamani ba sai da shi. Amma bari ya zama irin haƙurin da Ubangijinmu ya yi a Getsamani, wanda ya faɗi baƙin cikinsa ga Uba da abokansa, sa'an nan ya tashi ya fuskanci abin da ke gabansa. Yaron da aka saurara yau shi ne zai iya tsayawa gobe, ya kuma saurari wani.

Bari Budurwa Maryamu, wadda ta yi kwana uku tana neman Ɗanta cikin damuwa har ta same shi a Haikali, ta yi roƙo domin iyaye da malamai da yaran Dabai da dukan Dayosis ɗinmu. Waliyiya Yosefina Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Amin.